Yadda Ake Cire Busasshen Siminti Daga Jikin Ginin Dutse

Sau da yawa idan aka gama gyaran wani ginin jama'a na dutse, kamar ɗakin shan magani, ko makaranta, ko ofishin Hakimi, sai a ga bango ya yi dabbare-dabbare da siminti. Birkila yana bisa yana yaɓe ko zuba kankare, kwaɓi yana fantsama, ba mai lura sai ranar da aka kwance katakon hawa. A da, Hakimi ake tambaya a kan kayan jama'a da ke ƙasarsa, malaminsa kuwa shi yake rubuta cewa aiki ya kammala. Saboda haka ya kamata su biyun su san yadda ake wannan gyara, gama wanda aka yi da ka yakan bar tabon da ya fi simintin muni.

Da farko a sani, siminti ba bushewa yake yi kamar laka ba. Haɗuwarsa da ruwa ita ke mai da shi dutse, shi ya sa ko an jiƙa shi daga baya ba ya narkewa. A ranar farko ana iya kankare shi da guntun katako a wanke wurin. Bayan mako guda ya yi tauri ƙwarai, kafin kwana 28 kuwa ya sami kusan dukan ƙarfinsa.

Idan ya riga ya kama, sai a rufe wurin da jiƙaƙƙen buhu, ya yi kamar awa biyu, don ƙura ta kwanta, duwatsun kuma su sha ruwa. Sa'an nan a sami kurfi mai faɗin baki da ƙaramar guduma. A kwantar da kurfin a gefen dunƙulen simintin, kusan daidai da fuskar bango, a riƙa bugu kaɗan-kaɗan har ya ɓamɓaro. Kada a tsayar da tsininsa yana duban dutse. Bugu ɗaya ya isa ya ɓantare fuskar dutsen, abin da ya ɓantare kuwa ba ya komawa. Ragowar da ta liƙe sai a goge ta da guntun dutse irin na bangon, ana zuba ruwa. Burushin waya ba shi da kyau a nan, domin ƙananan ƙarafan da yake bari suna yin tsatsa da damina, su ja jan layi a jikin gini. Na zare mai tauri ya fi.

Yawancin aikin a nan yake ƙarewa. Amma wani lokaci akan ga fari-farin siminti ya rage, sai birkila ya ce a sayo asid. To, nan ne ake son Hakimi ya sa ido.

Da dutsen farar ƙasa ake yin siminti, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda masana'anta ta fara aiki a 1967. Watau ke nan duk abin da zai ci siminti zai ci wannan dutse. Gwajinsa ba wuya: a kankare wani lungu a ɗiga ruwan lemon tsami, in ya yi ƙananan kumfa, to, asid ba zai taɓa ginin nan ba ko kaɗan. Haka kuma marmara, jan dutsen nan mai ramuka, akwai ƙarfe a cikinta, asid yana fito da tsatsarsa. Dutse mai tauri irin na Kufena da na Jos, wanda ake fasawa a yi tsakuwa, shi ne ke jurewa, shi ma sai an fara gwadawa a bayan gini an jira kwana biyu an gani.

Asid ɗin da ake nufi shi ne haidirokulorik, wanda ake samu wurin masu kayan gini. Ruwan batirin mota, wanda wasu ke ɗauka don arha, wani iri ne dabam, yana barin farin ɓawo mai wuyar fita. Ana haɗa awo 1 na asid da awo 10 na ruwa, a bokitin roba, ba na ƙarfe ba. Ruwa ake fara zubawa, sa'an nan asid a hankali. In aka juya, yana iya fantsama a fuska. Tilas ne lebura ya sa tabarau da safar hannu ta roba, a kuma kori yara da dabbobi daga wurin. A jiƙa bango sosai har ƙasa, a shafa wa wuri kaɗan, a bar shi minti biyu ko uku, a goge, a wanke da ruwa mai yawa. Daga baya a bi shi da ruwan kanwa don ya kashe sauran tsamin, a sake ɗauraye. A kiyaye tagogin ƙarfe da layin simintin da ke tsakanin duwatsu, don shi ma asid ba ya ƙyale shi. In ya shiga idon mutum, a yi ta kwarara ruwa har minti 15, a kai shi asibiti.

Idan za a ba da sabon aiki, malami ya rubuta cikin takardar kwangila cewa za a rufe bango da zana ko buhuna kafin a soma yaɓe, a kuma wanke abin da ya fantsama kowace yamma kafin a tashi. Kada a biya ɗan kwangila sauran kuɗinsa sai Hakimi ko wakilinsa ya zagaya ginin da rana ya duba kowace kusurwa.