Wa Zai Riƙe Jaririn? Yadda Kalifoniya Ke Mayar da Matasan Iyaye Aji

Ɗalibar da ta haihu kafin ta kammala sakandare takan fuskanci tambayoyi uku kowace safiya: wa zai riƙe jaririn, ina kuɗin mota, kuma da me za a sayi littafi? Idan aka rasa amsar ɗaya daga cikinsu, kujerarta a aji sai ta zauna babu kowa.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, gwamnati ta ɗauki waɗannan tambayoyi a matsayin aikinta. Shirin Cal-Learn ya shafi matasa 'yan ƙasa da shekara 19, masu juna biyu ko masu renon ɗa, mata da maza, waɗanda ke karɓar tallafin masu ƙaramin ƙarfi na CalWORKs kuma ba su gama sakandare ba. Shiga shirin wajibi ne a kansu.

Ana haɗa kowane matashi da jami'in da ke bibiyar lamarinsa, ya sada shi da asibiti da makaranta, ya kuma binciki dalili idan ya daina zuwa aji. Hukuma na biyan kuɗin renon jariri, da na sufuri, da na kayan karatu.

Akwai kuma lada. Sakamako mai kyau na jawo wa iyali ƙarin dala 100, har sau huɗu a shekara. A da, rashin miƙa sakamako ko faɗuwa ba tare da uzuri ba kan jawo ragin dala 100. Wanda ya kammala kuwa, dala 500 ake damƙa masa a hannunsa. Manufar ita ce takardar shaidar ta kai shi ga aikin yi, ya daina dogaro da tallafi.

A Najeriya, sashe na 15 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya tanadi cewa yarinyar da ta samu ciki kafin ta gama karatu a ba ta damar ci gaba bayan ta haihu. Sai dai sashen bai fayyace wanda zai ɗauki nauyin reno ko kuɗin mota ba. Cike wannan giɓi ya rataya ne a wuyan masu tsara kasafi da manufofi a ma'aikatun ilimi da na harkokin mata, domin damar da ba a ware mata kuɗi ba, a takarda take ƙarewa.