Ko Ka San Abin da Ke Karya Keke a Bayan Akori-kura?

Ko ka san cewa kowace ɗaya daga cikin siraran wayoyin nan na wilin keke a ɗame take da ƙarfin da ya kai na rataya mata nauyin kilo 100, ko kusa da haka? Yawancin wili na da waya 32 ko 36. Tsoffin kekunan Raleigh na Ingila kuwa 32 suke da ita a gaba, 40 a baya, don baya ne ke shan nauyi. Wayoyin nan suna jan garen ta kowace fuska a lokaci guda, shi ya sa manomi zai ɗora buhun masara a kariya, ya hau sirdi, ya bi hanyar burji har kasuwa, wilin ko gezau. Sai dai ƙarfin nan gefe ɗaya yake da shi: daga sama zuwa ƙasa, keke na tsaye a kan tayoyinsa. Kwantar da shi ka ɗora masa rabin wancan buhun a gefen wili, ka bar gargada ta yi ta sukuwa da shi, za ka sauke keken da ke lilo yana gogar birki. Firam ɗin ma haka yake. Siffar kusurwa uku-uku da aka gina shi a kai tun ƙarshen ƙarni na 19 an tsara ta ne don ɗaukar mahayi. Ba a yi ta don a danne ta ta haƙarƙari ba.

To, ga abin da aka saba gani a tasha ranar kasuwa. An gama lodin akori-kura, sai ga mai keke. Yaron mota ya ɗaga keken ya cilla can saman kaya, ya jawo robar tsohon tub ya zagaya sau biyu, ya buga bodi da tafin hannu, direba ya ja. In an yi rashin sa'a a gaba a sami fasinja mai buhun albasa, a ɗora a kan keken. Kowa na raina shi saboda mutum ɗaya ke ɗaga shi da hannu ɗaya, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Masu tsara dokar ɗaure kaya a Turai da Amurka sun auna abin. A ƙa'idarsu, ɗauri sai ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya idan an taka birki da ƙarfi, da kuma rabin nauyin idan an sha kwana ko an fizgi mota gaba. Keken ƙarfe irin Phoenix ko Hero yakan kai kilo 20. Ke nan a birki mai tsanani yana tura gaba da ƙarfin kilo 16; in shida ne, sun doshi kilo 100. Wannan lissafin na keken da ya manne da jikin mota ne. Wanda aka bar wa sarari kuwa, mota na tsayawa shi yana ci gaba da tafiya da gudun da yake kai, har sai ya sami abin da zai tsayar da shi, gilashin bayan direba ko ƙafar wanda ke zaune a bodi. Idan karo aka yi a gudun kilomita 50 a awa, dukan da keken zai kai daidai yake da a sako shi daga tsayin mita 10. A gudun kilomita 100, tsayin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, kusan mita 40. A 2016 gidauniyar AAA ta Amurka ta fitar da binciken da ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2014 tarkacen da ke kan hanya ya shiga cikin haɗurra sama da 200,000 a ƙasar, mutum fiye da 500 suka mutu, kuma kusan biyu bisa uku na haɗurran daga abin da ya faɗo daga mota ne.

Matsala ta farko ita ce tsawo. Keken manya mai taya inci 28 yana kusan mita 1.9 daga gaba zuwa baya. Tsohuwar Peugeot 504 akori-kura, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, bodinta na kusan mita 2, sai keke ya shige a tsaye a rufe ƙofa. Hilux mai gida ɗaya ma ta wuce haka. Amma mai ƙofa huɗu, wadda ta cika gari yanzu, bodinta wajen mita ɗaya da rabi ne kawai. Dole a karkata keken daga wannan lungu zuwa wancan, ko a cire tayar gaba, ko a bar ƙofar baya a buɗe.

A ganina ɗaurin tsaye ya fi kowanne. A cusa tayar gaba a lungun bodi na wajen direba, ta tokare bango sosai. A sami igiya biyu, ɗaya daga hannun dama na kan keken zuwa ƙugiyar bodi ta dama, ɗaya daga hagu zuwa ta hagu, kowace tana ja ƙasa kuma tana ɗan ja gaba. A ja wannan kaɗan, a ja waccan kaɗan, har keken ya miƙe ƙyam. Igiya ta uku ta bi ta cikin wilin baya, a jikin garen da tayar, ta hana gindin keken tsalle. Igiya ba ta hawa kan wayoyin wili, ba ta hawa kan wayar birki ko ta giya, kuma ba a ɗaure a kwando ko fitila. Inda ta taɓa fenti a sa tsumma. Gwajin mai sauƙi ne: kama sirdi ka girgiza da ƙarfi. In motar ce ta motsa tare da keken, ɗauri ya yi. In keken ne kaɗai ya yi rawa, sake.

Akwai wata 'yar dabara da tsoffin direbobin manyan motoci suka iya, ba ta buƙatar sayen komai. A yi zarge a tsakiyar igiya, a kai bakinta ta ƙugiya, a dawo da shi ta cikin zargen, sannan a ja ƙasa. Igiyar ta zama tana ninka ƙarfin hannunka, sai ka ga ta ɗame har tana ƙara in an kaɗa ta. Bel mai kacakaca da ake sayarwa yanzu aikin da yake yi ke nan, amma shi nasa ya yi yawa. An yi shi ne don kaya masu nauyin ɗaruruwan kilo, mai hannu da nauyi zai iya lotsa bututun alminiyam da shi, balle firam ɗin zaren kabon na kekunan tsere, wanda ke tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Keke mai sifirin a gaba kuwa, a ja har sifirin ɗin ya ɗan nutsa, kada a kai shi ƙarshe.

Ita roba fa? Roba na da amfaninta, kuma ba wanda zai raba mu da ita. Ta dace da matse hannun birki don taya ta daina juyawa, ko haɗe tayar gaba da firam don kan keken ya daina waige-waige. Amma a ce ita ce za ta riƙe keken gaba ɗaya, nan ne kuskure. Aikinta miƙewa. Duk ramin da aka faɗa sai ta saki keken ya tashi, ta dawo da shi da ƙarfi, haka za a yi ta yi har a isa. Rana kuma na cin ta, tana tsattsagewa a hankali, ranar da za ta tsinke ba ta sallama. Mai ƙugiyar ƙarfe a baki ta fi haɗari, don in ta kuɓuce fuskar mai ɗaurin take nufa.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: iskar taya na cikin ɗaurin. Keken da aka ɗaure a tsaye, tayoyinsa ne ke tokare da igiya daga ƙasa. In tub na da 'yar sacewa, kafin a yi nisa keken ya sauka da tsawon ɗan yatsa, igiyoyi duka sun saki, ba wanda ya taɓa su. Don haka a duba iska kafin ɗauri, ba bayansa ba.

In babu halin tsayarwa sai kwantarwa, ɓangaren sarƙa ne ke kallon sama, wato dama. Keke mai giya yana da wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da na'urar sauya giya a baya, da gangan aka yi shi mai laushi don ya lanƙwashe ya ceci firam. Ɗan danni kaɗan ya ishe shi, daga nan giya ta fara tsalle, wani lokaci na'urar ta shige cikin wayoyin wili ta yi ɓarna. A shimfiɗa kwali ko tsohon bargo, a tallafi firam yadda feda ba za ta zama ita ke ɗauke da nauyin duka ba, kuma kada a ɗora komai a kai. Kwantacce ma ana ɗaure shi.

Masu hawan duwatsu da keke a Amurka da Kanada sun fito da tasu hanyar. Sukan lulluɓe ƙofar baya da wata katifa mai kauri, su ɗora kekuna a jere, tayar gaba na reto a waje, ƙirjin firam na kwance a kan katifar, kowane da ɗan bel ɗinsa. Keke biyar ko shida na shiga cikin 'yan mintoci, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Guntun katifa da igiya za su yi wannan aikin a nan. Sai dai a kula da abu huɗu. Ƙura in ta shiga tsakanin katifa da fenti, gurzar sa take yi, hanyoyinmu kuwa ba sa rabo da ƙura. Tayar da ta sauko kusa da bakin salansa zafi na iya cin ta. Kada a rufe lamba ko fitilun baya, don jami'an kiyaye haɗurra ba za su saurari bayani ba. Sannan keke mai murfin taya da birkin sanda, irin namu na gargajiya, bai dace da wannan ɗaurin ba, murfin zai lotse.

Hanya ta ƙarshe ita ce cire tayar gaba a kafe ƙafafun fok a jikin wani ƙarfe da aka ɗaure a katako, katakon kuma ya tokare bangon bodi biyu. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne ɗan hannun nan da ake ɓallewa taya ta fita ba sifana, wanda ɗan tseren keke na Italiya Tullio Campagnolo ya ƙirƙiro wajen 1930. Keke ya gajarta, ya zauna daram. Mai birkin faranti na mai ya tuna ya cusa ɗan kwali mai kauri a gurbin farantin, don in wani ya matsa hannun birki babu taya, takalman birkin haɗewa za su yi, sai an sha wahala a buɗe su.

Ɗan kasuwar da ya saro kekunan gwanjo da yawa shi ya fi kowa asara in ya yi sakaci, don keke ne ke cin keke. A jera su kai da gindi, wannan na kallon gaba wancan na kallon baya, kwali a tsakani. A sassauta kan kowane a juya shi ya bi tsawon firam, yadda sababbi ke zuwa a kwali. A cire feda, ita ce ke shiga wilin maƙwabci ta tsinka waya. A nan ne da yawa ke kashe zare: fedar hagu a juye zarenta yake, ta hannun agogo ake kwance ta, ta dama kuwa kamar kowane noti. Kowane keke ya sami nasa ɗaurin a jikin mota. In aka haɗe su da igiya ɗaya, ɗaya ya saki duka sun saki. Keken lantarki a cire masa batir a shigar da shi cikin mota, nauyi ya ragu, batirin kuma ya tsira daga rana da jijjiga. Tamfol in ba a ɗame shi ba gara babu, iska zai tara ya yi ta fizgar kekunan. Kwaɗo da sarƙa maganin ɓarawo ne a wurin cin abinci, ba sa cikin lissafin ɗauri.

Ɗauri kuma ba a gama shi a tasha. Sabuwar igiya na miƙewa, ƙulli na zama, kaya na neman wurin kwanciya. Dokar Amurka ta wajabta wa direban babbar mota ya tsaya ya duba kayansa kafin ya cika mil 50 na farko, wato kilomita 80, a kan titunan da ba su san ramukanmu ba. Kai da za ka sauka daga kwalta ka hau burji, kada ka jira kilomita 80. Da ka fita gari ka wuce gargada ta farko, faka a gefe, ka sauko ka kama sirdin ka girgiza.