Sunayen da JavaScript Ya Hana a Taɓa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga mutanen Rano da Kibiya, musamman matasan da suka duƙufa wajen koyon haɗa shafukan intanet, ko suna karatu a Jami'ar Bayero, ko a ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko kuma a gida suke koyo da wayar hannu. Yau za mu duba dokokin raɗa suna a yaren kwamfuta da ake kira JavaScript.

Wannan yare shi ke sa shafin intanet ya motsa: ka danna maɓalli ya amsa, ka cike fom ya duba ko ka yi daidai. Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape na Amurka a 1995, sannan hukumar Ecma ta fitar da ƙa'idojinsa a rubuce a 1997.

Mai rubuta manhaja kullum cikin raɗin suna yake. Duk bayanin da zai adana, sai ya yi masa mazubi ya ba mazubin suna. To amma akwai kalmomin da yaren ya riga ya ware wa kansa. A ƙasar Rano, kowa ya san cewa in aka ce Autan Bawo, Mai Martaba Sarkin Rano ake nufi, babu wanda zai ari wannan laƙabi ya laƙaba wa shagonsa. Haka kalmomi irin su "if" da "for" da "while" da "return" da "class" suke a wajen JavaScript. Kowacce umarni ce, da zarar kwamfuta ta gan ta sai ta shirya aiwatarwa. Dukkansu ba su kai 50 ba.

(GAJEREN KIƊA)

Mu ɗauka wani matashi a Kibiya zai haɗa wa makarantar Islamiyyar unguwarsu shafin rajistar ɗalibai. Ya zo wajen da zai adana ajin kowane yaro, sai ya sa wa mazubin suna "class". Nan take aikin zai tsaya cik, a fito masa da jan rubutu cewa ya karya ƙa'idar yaren. Ba shi kaɗai ba, su kansu waɗanda suka tsara yadda JavaScript ke magana da shafuka sun ci karo da wannan, shi ya sa suka kauce suka ce "className", a gurbin "for" kuma suka ce "htmlFor".

Da matashin nan "aji" ya rubuta, da ya wuce salin-alin. Kalmomin da aka keɓe duk daga Turanci aka ɗauko su, don haka mai raɗa suna da Hausa da wuya ya yi karo da su. Sai dai a kula da guda ɗaya, wato "in". Tana cikin Hausarmu ta yau da kullum, tana kuma cikin jerin kalmomin da aka hana.

Jerin ma ba a tsaye yake ba. Bugun ƙa'idojin na 1999 ya killace kalmomi da dama da aka aro daga yaren Java, irin su "int" da "goto", bugun 2009 ya sake su. Ita kuwa "class" ta shekara da shekaru a killace ba ta aikin komai, sai a 2015 aka ba ta aiki. Hikimar ita ce, da an bar mutane suna amfani da ita, ranar da aka mayar da ita umarni sai tsofaffin shafuka su lalace. Har yau "enum" tana nan tana jiran nata lokacin.

(GAJEREN KIƊA)

Masu sauraro, inda Bahaushe zai fi yin tuntuɓe shi ne ƙa'idar rubutun Hausa. Na farko, ɗan waƙafin nan na sama da muke sawa a "jama'a" da "ma'aikata" da "'yan makaranta". A JavaScript alama ce ta buɗe zance, don haka in ya shiga cikin suna sai ya tsinka shi. Na biyu, karan ɗori. In ka rubuta "gyare-gyare", kwamfuta za ta ɗauka lissafi ka ba ta, a ɗebe gyare daga gyare. Na uku, ba a barin tazara a tsakiyar suna. "Sunan uba" sai dai a haɗe shi, a fara kalma ta biyu da babban baƙi, ko a sa layin ƙasa a tsakani. Na huɗu, suna ba ya farawa da lamba: "aji3" ya halatta, "3aji" bai halatta ba. Sannan "Suna" da babban baƙi daban yake da "suna" da ƙarami.

Ga kuma albishir. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, duk yaren ya karɓe su, domin suna cikin tsarin Unicode. Ka rubuta "kuɗi" ko "ƙauye", aiki zai tafi. Har ƴ, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, ta shiga, don haka "ƴanMakaranta" suna ne karɓaɓɓe. Abin lura kawai, in kai ka sa "kuɗi" da ƙugiya, abokin aikinka ya sa "kudi" babu ita, mazubi biyu kuka yi ba ɗaya ba, lissafi kuma zai ruɗe. Ku yi shawara tun farko ku tsaya a kan salo guda. In kuma aikin na haɗin gwiwa ne da waɗanda ba sa jin Hausa, a zaɓi sunayen da kowa zai gane.

Malamai masu koyarwa, ku rubuta wa ɗalibai jerin nan a allo tun makon farko, ku bar su su fara gwaji da sunayen Hausa. Yaron da ya ga "idan" ba ta aiki amma "if" tana yi, zai yi saurin bambance kalmar da yare ya mallaka da sunan da shi ya raɗa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)