Aro ko Canji? Harshe da Koyar da Ɗebewa a Makarantun Firamare

Daga cikin darussan lissafi da ke ba yaran firamare wuya akwai ɗebewa mai aro. Alal misali, idan aka ce yaro ya ɗebe 27 daga 52, sau da yawa yakan ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ya juya, ya ɗebe 2 daga 7, ya rubuta 35 maimakon 25. Malami kuwa sai ya ɗauka daƙiƙanci ne, alhali kuwa yawancin laifin yana ga kalmar da aka koya masa.

A wurin Bahaushe, abin da aka ara dole ne a mayar da shi, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. To, idan aka ce wa yaro ya "ari ɗaya", zai yi ta jiran lokacin biya. Bugu da ƙari, abin da ya ara ɗin ba ɗaya ba ne, goma ce guda. Kalmar da ta fi dacewa ita ce canji, domin yaron da aka saba aika kasuwa ya san takardar naira 100 daidai take da takardun naira 10 guda goma.

Saboda haka ya kamata malami ya fara da tsinkaye kafin alli. A ɗaure su goma-goma, a ba yaro ɗauri 5 da tsinke 2. Idan ya kasa fitar da 7, shi da kansa zai kwance ɗauri ɗaya, ya zama yana da ɗauri 4 da tsinke 12. Ya fitar da 7, saura 5. Ya fitar da ɗauri 2, saura 2. Bayan hannu ya gane, sannan a rubuta a allo, gidan ɗaiɗai dabam, gidan gomomi dabam. Lissafi mai sifili, kamar 300 a ɗebe 148, a jinkirta shi, don yana bukatar canji sau biyu.

Ƙidayar Hausa ma taimako ce: "hamsin da biyu" ta raba gomomi da ɗaiɗai, "ashirin biyu babu" kuwa ɗebewa ce tsantsa. Yaron da ya haddace ƙa'ida ba tare da fahimta ba, zai sake tuntuɓe idan ya kai ga rabawa, inda ake ɗebewa a kowane mataki.