Totur na maka gardama? Kada ka hau babban titi!

Kai mai motar gudu, Mustang ce ko Nissan 350Z, tsaya ka ji. Ka taka totur, motar ta yi jim, can kuma ta zabura kamar an tsikare ta? Kana tsaye a danja, silo na hawa yana sauka? Fitilar injin ta kama, ka ce ai ta saba? Ba sabo ba ne, ciwo ne.

A maƙogwaron injin, inda iska ke shiga, akwai wani marfi mai juyawa. A jikinsa aka ɗaura wata 'yar sensa. Ita ke gaya wa kwamfutar motar iya buɗewar marfin. Kwamfuta na ba ta wuta bolt 5. In marfin na rufe, ta mayar da kusan rabin bolt. In ya wangale, kusan 4.5. Da wannan labari ake auna mai da lokacin tartsatsin fulogi. Tsohon samfurinta ɗan harshe ne da ke goga wani layi, kuma layin na cinyewa daidai inda ƙafarka ta fi zama. Daga nan sai sensa ta fara ƙarya.

Wa zai biya kuɗin ƙaryar? Kai ne.

Motocin yanzu ba su da wayar ƙarfe tsakanin ƙafarka da injin. Motar Corvette ta rabu da ita tun 1997. A irin waɗannan motoci, sensa biyu ke sa wa juna ido, da zarar maganarsu ta saɓa, kwamfuta ta datse ƙarfin injin. Ba ruwanta da inda kake. Ka fito za ka wuce tirela, wata motar na tahowa, ka taka har ƙasa, motar ta ƙi. Ina za ka shiga? Su wa ke zaune a bayanka?

Kada ka bari sai an yi albashi. Je wurin mai na'urar duba mota yau. In ta nuna lambar P0121, P0122, P0123 ko P2135, a duba soket da wayoyi tukuna, don sau da yawa tsatsa ce ko ruwa. Hana masu wankin mota fesa wa soket ruwa mai ƙarfi. Kada yaron gareji ya danna marfin da lantarki ke juyawa da yatsa wai yana goge shi. In an canja sensa ko an wanke maƙogwaron, a sake koya wa kwamfuta saitin silo.

Kuma kada kowa ya goge maka lambar ya ce an gama. Fitilar ce ta mutu, layin da ya cinye yana nan.