Tsakuwa a cikin maɗaciya: kada tsoron fiɗa ya hana mu neman magani



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san wata ƴar jaka koriya da ke manne da hanta. Mahauci yakan cire ta a hankali, domin in ta fashe nama ya yi ɗaci. Ita ce maɗaciya, wasu kuma su ce matsarmama. Mu ma ƴan Adam muna da irinta. Tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, a jikin hanta. A kanta za mu yi magana yau, saboda akwai wani ciwo nata da ke wahalar da mutane, musamman mata, kuma tsoron fiɗa yakan sa su ɓoye shi har ya yi tsanani.

Mene ne aikin maɗaciya?

Hanta ce take yin ruwan ɗaci. A kowace rana takan yi wajen rabin litar ko fiye. Wannan ruwa shi ke taimakon hanji ya narkar da mai da kitse. Maɗaciya ba ta yin ruwan, ajiye shi kawai take yi, kamar yadda rumbu yake ajiye hatsin da gona ta bayar. Abin da take ɗauka bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba. In mun ci abinci mai maiƙo, sai ta matse, ta tura ruwan cikin hanji ta wata siririyar hanya.

Wani lokaci ruwan yakan yi kauri, ya daskare, ya zama tsakuwa. Ba tsakuwar da muke tauna a cikin tuwo ko shinkafa ba ce, a cikin jiki take tsirowa. Wata ƙarama ce kamar ƙwayar gero, wata takan kai girman goro ko ƙwan zabo. Cikin mutum 10 masu ita, wajen 8 ba su jin kome, kuma galibi ba a taɓa su. Wahala tana farawa ne ranar da tsakuwa ta toshe bakin hanya.

Yadda ciwon yake zuwa

Mu ɗauki misalin wata uwa mai shekara 45, mai ƴaƴa 7. Ta je suna, ta ci soyayyen nama da shinkafa mai yawan mai. Cikin dare sai ciwo ya tashe ta. Yana ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki, yana harbawa zuwa baya da allon kafaɗar dama. Ta zauna, ta kwanta, ta juya, babu sauƙi. Ga tashin zuciya, ga amai. Bayan awa 2 ko 3 ya lafa, da safe ta ɗauki taɓarya kamar ba abin da ya faru. Bayan wata guda ya dawo.

Da yawa daga cikinmu mukan ce gyambon ciki ne, ko iska, ko sammu. Ba a gane wannan ciwo da ido. Ana gane shi da hoton ciki, wanda ake kira ekografi, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu. Babu zafi, babu allura. Ana son mutum ya je bai ci kome ba, don maɗaciya ta cika, a gan ta sosai.

Ciwon ya fi kama mata, musamman waɗanda suka haihu da yawa, da wanda ya haura shekara 40, da mai ƙiba, da mai ciwon sukari, da wanda ya rame farat ɗaya. Yakan bi dangi. Akwai kuma masu amosanin jini, wato sikila. Jininsu yana saurin fashewa, abin da ya fashe ya taru a ruwan ɗaci ya zama baƙar tsakuwa. Su tun suna yara ko samari take kama su. Saboda haka in yaro mai sikila yana yawan kukan gefen dama, kada mu ce ciwon da ya saba ne. A nemi hoton ciki.

Abin da za mu yi in ciwo ya taso

A dakatar da cin abinci har ya lafa. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora a wurin. Ana iya shan parasetamol bisa ƙa'idar da malamin asibiti ya faɗa, ba a wuce ta, domin yawansa yana lalata hanta. Akwai magungunan da suka fi shi ƙarfi, amma likita ne kaɗai zai rubuta su, don wasunsu suna cutar da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu. Mu guji ƙwayoyin masu talla a tire, musamman tiramol. Yana rufe ciwon ne, cutar kuwa tana ci gaba a ɓoye.

Tsakanin tasowa da tasowa, abinci ne abin lura. A rage ƙosai, fanke, soyayyar awara, kitse, man shanu da miya mai iyo da mai. A riƙe tuwo, kunu, fura, wake, dafaffen kifi, nama marar kitse, da ganye kamar zogale, rama da yakuwa. A ci kaɗan kaɗan sau da yawa, ya fi a wuni da yunwa sannan a cika ciki da maiƙo. Wanda ke son yin azumi ya fara shawara da likita.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Kiyaye abinci yana rage tasowar ciwo, ba ya narkar da tsakuwa. Tsaga da ƙaho da lalas ba su kai inda take. Wasu sukan sha man zaitun da lemun tsami, su ga ƴan dunƙule koraye a bayan gida, su ce tsakuwa ta fita. Man da suka sha ne ya dunƙule a hanji. In aka sake hoto, tsakuwar tana nan. Akwai ƙwayar asibiti mai narkar da wasu ƙananan tsakuwoyi, amma takan ɗauki watanni ko shekaru, kuma sau da yawa su dawo. Shi ya sa ga wanda ciwo ke yawan taso masa, likitoci suke ba da shawarar a cire maɗaciyar gaba ɗaya.

Alamun da ba a kwana da su a gida

Ciwo ya wuce awa 6 bai lafa ba.
Zazzaɓi da rawar ɗari sun biyo baya.
Ido ya yi ɗorawa, wato shawara.
Fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari.
Amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a nemi amalanke ko mota, ko da tsakar dare ne. Ma'anarsa maɗaciya ta kumbura ta yi ƙwayar cuta, ko tsakuwa ta gangara ta toshe babbar hanyar ruwan ɗaci. Wannan yana iya kisa.

Tsoron fiɗa

Mu koma ga uwar nan. An yi mata hoto, an ce sai an yi aiki. Ta dawo gida ta kasa barci. Ba ta kaɗai ba ce, kuma tsoro ba abin kunya ba ne. Ga tambayoyin da suka fi hana mutane barci.

In an sa ni barci, zan farka? Akwai ma'aikaci na musamman wanda ba shi da wani aiki sai tsaron numfashi da bugun zuciyar majinyaci, tun daga farko har ya buɗe ido. Kafin ranar aiki ana auna jini da hawan jini, a saurari ƙirji, don a san ƙarfin jiki. Mutum ba ya jin kome lokacin da ake yi.

Yaya zan rayu babu maɗaciya? Mu tuna ita rumbu ce, hanta ce gonar. In an cire ta, hanta tana ci gaba da yin ruwan ɗaci, yana zuba kai tsaye cikin hanji. Manoman da suka yi kiwon doki ko jaki za su yi mamaki in sun ji cewa waɗannan dabbobi ba su da maɗaciya tun asali.

Zan sake haihuwa? Zan iya noma? Aikin ba ya taɓa mahaifa, ba ya rage ƙarfin namiji. In ciwon ya warke, mutum yana komawa gona da daka da jan ruwa.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani likita mai suna Karl Langenbuk ne ya fara yin sa a birnin Balin na ƙasar Jamus a shekarar 1882. A yau yana cikin ayyukan fiɗa da aka fi yi a duniya. Ba za mu ce babu haɗari ko kaɗan ba. Jini yakan zuba, wurin yakan yi ruwa, kuma can ba a rasa ba akan ji wa hanyar ruwan ɗaci rauni. Sai dai haɗarin ya fi yawa ga wanda aka kawo ranga-ranga, da zazzaɓi da kumburi, bisa ga wanda ya zo da ƙafarsa a ranar da aka sa masa. Jinkiri ne abin tsoro na gaskiya.

Yadda ake aikin

Hanya 2 ce. Ta farko, a tsaga ƙarƙashin haƙarƙarin dama a ciro maɗaciya. Mutum yakan kwana 3 zuwa 5 a asibiti, kuma ba ya ɗaukar kaya mai nauyi sai bayan kamar sati 6.

Ta biyu, a yi ƴan huji 3 ko 4 a ciki, kowane bai wuce faɗin yatsa ba. A hura iska, a zura ƴar kamara, likita yana kallon cikin a allo kamar na talbijin, yana aiki da dogayen ƙarafa sirara. An fara wannan dubara a Jamus a 1985, sannan a birnin Liyon na Faransa a 1987. A ƙasarmu ana yin ta a manyan asibitocin Yamai. Mai wannan aiki yakan koma gida bayan kwana 1 ko 2, ya warware cikin kamar sati 2. Wani lokaci likita yakan fara da huji, ya ga kumburi ya yi yawa, ya koma tsagawa. Ba kuskure ba ne, tsare lafiya ne. Kowace hanya aka bi, galibi aikin ba ya wuce awa 1 zuwa 2.

Shirin da ke kwantar da hankali

Mu fara daga asibitin da ke kusa da mu. Su za su ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma ko babban asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Ilimin da muka samu a ajin yaƙi da jahilci ga ranarsa. Mu ɗauki alƙalami mu rubuta ranakun da ciwo ya taso, da abin da aka ci, da tsawon lokacin da ya yi. Mu rubuta tambayoyinmu kafin mu shiga wurin likita, don fargaba takan sa mantuwa. Wace hanya za a bi? Kwana nawa zan yi? Nawa ne kuɗin gwaji da na aiki da na magani? Mu faɗa masa duk abin da muke sha, har da saiwa da sassaƙe. Mu faɗa masa in akwai hawan jini, ko sukari, ko sikila, ko juna biyu. Mai sikila yana da shiri na daban, akan yi masa ƙarin ruwa, wani lokaci har da ƙarin jini.

In likita ya ce ba na gaggawa ba ne, a roƙe shi ya sa rana bayan an kai amfanin gona gida, kada a bari damina ta riske mu da ciwo. In kuwa ya ce yanzu, to yanzu ɗin ne, gona ta jira. Batun kuɗi a fara shi da wuri, a zauna da iyali. Akuyar da aka sayar cikin natsuwa ta fi daraja bisa wadda aka kai kasuwa cikin ruɗewa. Matan da ke cikin adashe ko asusun Mata Masu Dubara su sanar da ƴan ƙungiyarsu. A tanadi mai jinya, da mai riƙe yara, da ɗan uwa ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini in an bukata.

Maigida, kai ma kana da rabonka. Kada mace ta yi watanni tana jiran izini. Ka raka ta, ka ji bayani da kunnenka. Ƴan dubiya kuma su bar kawo labarin wane da aka yi wa aiki bai tashi ba. In akwai wadda aka yi mata ta warke, ita ya kamata a kira ta zo su yi hira. Daren aiki, in zuciya ta yi ta bugawa, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali ta baki, a yi addu'a. A kiyaye umurnin barin ci da sha daidai yadda aka faɗa, domin sai da ciki wayam ake sa mutum barci.

Bayan an dawo gida

A tashi a ɗan taka tun da wuri, yana hana jini daskarewa a ƙafa. A fara da kunu da abinci marar nauyi, a ƙara sannu sannu. Wanda aka yi wa huji yakan ji ciwon kafaɗa kwana 1 ko 2, iskar da aka hura ce, tana wucewa. Wasu sukan yi zawo na ɗan lokaci in sun ci maiƙo. Kada a shafa toka ko wani garin magani a ɗinki. In aka ga zazzaɓi, ko shawara, ko ruwa na fita, ko ciwo na ƙaruwa, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba.

Jama'a, a kowane gari akwai mai dafe gefen dama cikin dare, ta yi shiru don tsoron wuƙa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da cikin gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da damina mai albarka.