Sayen na'urar Wi-Fi ta gida: abin da ya kamata a duba kafin a biya

A garuruwa irin su Garwa, Marwa, Njamena da Kwatano, gidaje da yawa sun daina dogaro da wayar mutum ɗaya wajen raba intanet, sun koma sayen na'urar Wi-Fi, wadda ake kira rauta. Sai dai wanda ya sayo ta daga wata ƙasa na iya isa gida ya tarar ba ta aiki, kuɗi kuma sun riga sun fita.

Wace iri ce?

Iri biyu ne. Akwai wadda ake sa wa layin waya ta kama 4G, akwai kuma wadda sai an jawo mata igiyar intanet daga kamfani. Ta biyun ba ta da wurin sa layi. Idan ba a kawo igiya unguwarku ba, ta farkon za ku nema.

A buɗe take ko a kulle?

Nan ne masu ƙetare iyaka suka fi yin asara. Na'urar da kamfanin waya ya sayar da sunansa a jiki, galibi a kulle take, layinsa kaɗai take karɓa. Wadda aka saya daga MTN a Najeriya ba lalle ba ne ta karɓi layin MTN na Kamaru, domin sunan ne kawai ɗaya, kowace ƙasa da tsarinta. Mai yawan tafiya ya nemi buɗaɗɗiya, irin waɗanda TP-Link, Huawei ko ZTE ke yi, ya kuma gwada layinsa a shagon kafin ya biya.

A duba mitar 4G da aka rubuta a kwali. Yawancin kamfanonin yankinmu na aiki da mitoci irin na Turai, kamar B3 (1800 MHz) da B20 (800 MHz). Wadda aka yi domin kasuwar Amurka na iya kasa kama su.

2.4 ko 5 GHz?

Mitar 2.4 ta fi kai wa nesa, ta fi ratsa bango. Ta 5 ta fi sauri, amma katanga mai kauri, ta siminti ko ta ƙasa, tana raunana ta. Gida mai ɗakuna da yawa ya fi dacewa da na'ura mai duka biyun. Amma a sani, Wi-Fi 6 ba zai ƙara komai ba idan rezon unguwar kansa ba shi da ƙarfi.

Wuta fa?

Inda ake yawan ɗauke wuta, ƙaramar na'ura mai batir ko babba haɗe da ɗan batirin ajiya ta fi amfani. A kuma kula da bakin caja: na Najeriya da Gana mai ƙafa uku ne, na Nijar, Kamaru da Cadi mai ƙafa biyu zagayayyu.

Bayan an kai ta gida

A ajiye ta a wuri mai tsawo, kusa da taga, ba a ƙasa ko bayan firji ba. A canza lambar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, a zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. In ba haka ba, maƙwabta za su ƙarar muku da datar wata guda cikin ƴan kwanaki.